Yaro yana koyon kareti a kan kankare ba takalmi: in saya masa kambas ko in ƙyale shi?

Baban Sadik, Jekadafari:

Assalamu alaikum. Ni birkila ne a nan cikin Gombe, kuma shawara nake nema a kan ɗana mai shekara 11. Tun bayan babbar salla ya shiga koyon kareti wurin wani malami da yake tara yara bayan la'asar a harabar wata firamare kusa da mu. Bari in faɗa tun da wuri, ba ni da ƙorafi a kan malamin. Mutum ne mai kamun kai, ba ya zagin yara, ana kiran magariba yake sallamar su, kuma abin da yake karɓa bai taka kara ya karya ba. Yaron ma na ga canji a tare da shi. Yawon yamma ya daina, yana cin abinci sosai, da asuba kuma ba sai an yi ta fama da shi ba.

Damuwata daɓen da suke yi a kai ne. Wannan kuwa fannina ne, don haka ranar da na je ɗauko shi ƙasa na fara kallo kafin in kalli yaran. Tsohon kankare ne da aka zuba a gaban azuzuwa, ba a bi samansa da kwaɓi mai laushi ba. Wanda ya yi aikin ya yi rowar siminti, ruwan sama ya wanke saman, tsakuwa ta fito da kai ko'ina. Ya tsattsage, an yi masa faci a wurare, facin kuma ya fi na asalin tudu. Irin wannan daɓe ko silifas ba ya daɗewa a kansa. A kai yaran suke tsalle, suke juyi, suke shuri, ƙafa ba komai. Yanzu ma da sauƙi tunda sanyi ake yi. Ina hango Maris da Afrilu, lokacin da kankare ke riƙe zafin rana har bayan isha'i.

Daren jiya mahaifiyarsa ta kira ni in ga ƙafarsa. A ƙasan babban yatsa, daidai tudun nan da mutum ke dogarawa a kai in zai juya, bororo ya tashi ya fashe, fatar ta saɓule, jan nama a waje. Ya naɗe wurin da baƙin salatif irin na masu wayarin don kar mu gani mu hana shi zuwa. Diddigensa duka biyu faso ya tsaga su, ɗaya har yana tsattsafo da jini. Ta wanke masa da ruwan ɗumi, ta shafa wa diddigen man kaɗanya, ta sa masa safa, sannan ta ce da ni ko dai ya sa takalmi ko ya haƙura da karetin.

Na taɓa yi wa malamin maganar takalmi. Ya ce ba a kareti da takalmi, haka shi ma aka koya masa, kuma ƙafar za ta yi kanta ta saba. Ban ja zancen ba don a gaban ɗalibansa muke.

To masu sani, cire takalmin nan sharaɗi ne da in an bar shi koyon ya lalace, ko al'ada ce kawai ta waɗanda suka kawo wasan? Ina ganin 'yan Sin masu kunfu da takalmansu. In akwai wanda ya dace, wane iri ne, kuma ana samun sa a babbar kasuwa ko wurin 'yan gwanjo? Ba na son raba yaron da abin da yake so, amma ba zan zuba ido ƙafarsa ta lalace ba.

Masta Bolari:

Wa alaikumus salam, Malam. Ina koyar da kareti. Akwai al'ada a cikin maganar, akwai kuma dalili na aiki, kuma yawancinmu malamai mun gaji dokar ne ba tare da an raba mana biyun ba.

Kareti daga tsibirin Okinawa ya fito. Gichin Funakoshi ne ya kai shi Tokyo a 1922, ya shiga ɗakunan horo na Japan, inda judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a 1882, ya riga ya zauna da gindinsa. Ɗakunan nan daɓensu ko dai katako ne gogagge, ko tabarmar tatami mai kauri wadda asali da karan shinkafa ake cusa ta. Mutumin Japan kuwa ko gidansa ba ya shiga da takalmi, a bakin ƙofa yake ajiye shi, yadda mu ma muke tuɓewa a ƙofar masallaci ko in za mu shiga gaida manya. Ɗalibai da kansu suke durƙusawa su goge daɓen da tsumma. Wato wanda ya ce a cire takalmi ya riga ya tanadi inda ƙafar za ta taka. Mu dokar muka ɗauko, daɓen yana can.

'Yan Sin da ka ambata a tsakar gida da filin Allah suke atisaye, kan dutse da ƙasa, shi ya sa suke sa ɗan takalmin yadi mai siririn ƙasa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Feiyue, na birnin Shanghai. Faransawa suna da damben shuri da ake kira sabat, da takalmi ake yin sa, da shi ma ake bugun. Sambo, wata irin kokawa ta Rasha, da takalmi, haka kokawar Olamfik da damben boksin. 'Yan damben Tailan da masu faɗan keji irin su Kamaru Usman da Israel Adesanya kuwa ƙafa ba komai suke shiga, amma a kan shimfiɗa mai soso a ƙarƙashi. Babu wanda ya haɗa ƙafa tsirara da tsakuwa.

Sai dalilin aiki, kuma a nan malamin ɗanka yana da gaskiya. Shurin gaba, wanda muke ce wa mae geri, ba da yatsu ake bugu ba. Ana ɗage yatsun sama ne a bugi abu da tudun nan da ka ce ya saɓule. Yaron da ya koya cikin takalmi ba ya sabawa da ɗage yatsu, don takalmin na kare shi. Ranar da ya tuɓe ya shuri jakar yashi ko gwiwar hannun abokinsa, sai targaɗe ko karayar yatsa. Ni malami kuma ina bukatar in ga ƙafar da idona: ina nauyinsa yake, diddige ya ɗaga ko yana ƙasa, yatsun sun kama daɓe ko sun saki. Cikin kambas ba na ganin ko ɗaya. Ƙashi 26 ne a ƙafar mutum, ga ƙananan tsokoki da ke gyara tsayuwa duk lokacin da ya tsaya da ƙafa ɗaya, kuma sun fi aiki in tafin yana jin abin da ya taka. Ga kuma gasa. Kata, wato jerin motsin tsaro da bugu da mutum ke nunawa ba abokin karawa, ba takalmi ake yin ta. A kumite, wato karawa tsakanin mutum biyu, abin da aka yarda da shi shi ne soson kariya na ƙwauri da bayan ƙafa, ja ko shuɗi, tafin a buɗe. In yaron zai je gasa wata rana, dole ƙafarsa ta saba tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da nake roƙon ka da shi: kar ka saya masa kambas ɗin gudu, mai tudun soso a diddige da ƙasa mai haƙora. Ya fi rashin takalmin haɗari. A shurin zagaye, mawashi geri, sai ƙafar da ke ƙasa ta juya a kan tudun nan kafin ƙugu ya buɗe. In ƙasan takalmi ya kama kankare ya ƙi juyawa, jiki kuma ya riga ya tafi, gwiwa ce za ta karɓi murɗar. Bororo cikin sati ɗaya ko biyu ya warke. Jijiyar gwiwa in ta tsinke, sai tiyata da watanni ba horo. Tudun soson kuma yana ɗaga ƙafa daga ƙasa, in ta turguɗe idon sawu ne zai sha wahala. But ɗin ƙwallo kuwa kar ma a kawo maganarsa.

Ni yadda nake yi da nawa yaran, gudu da tsalle da ɗumama jiki a waje ne da takalmi. Kata da karawa tsakanin mutum biyu a ɗaki ne, an share an goge, ba takalmi. Maganar kanta gaskiya ce in daɓen na da kyau kuma a hankali ake ƙara lokaci. Fatar da ake saɓulewa kullum ba ta samun damar yin kanta.

Na Kumo:

Malam birkila, sannu da ƙoƙari. Ni ban yi kareti ba, dambe na yi a zamanin ƙuruciya, daga gidan fawa na fito. Mu ba mu san takalmi a fage ba. A ɗaure maka hannu ɗaya da zare, ɗayan ka tsare da shi, daga kai sai ɗan wando da layu, ƙafa a ƙasa. Su Shago da Ɗandunawa haka suka yi nasu, yaran Arewa da Kudu da Guramada na yanzu ma haka, 'yan kokawa ma haka.

Naushi ba daga hannu yake tasowa ba, daga ƙafar baya yake. In ka ja tunga ka miƙa hannun tsaro, sai yatsun ƙafarka ta baya sun nutse cikin yashi sun sami abin tokarawa, sannan ka saki hannu, nauyinka duka ya bi shi. Ka lura da ɗan dambe kafin a shiga turmi, za ka ga yana murza ƙafa a ƙasa yana gyara wurin tsayuwarsa. Da takalmi ba za ka ji inda ƙasa ta yi laushi da inda ta yi tauri ba, a dambe kuwa gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa an kashe ka ke nan. Don haka ina bayan malamin yaronka, a bar ƙafa ta ji ƙasa.

Amma ƙasa na ce, ban ce kankare ba. Ban taɓa ganin an buɗe fagen dambe a kan siminti ba. Wuri mai yashi ake nema, a share shi, a tsince ƙaya da tsidau da fasasshiyar kwalba, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Mu a ƙasar Gombe Allah ya hore mana yashi. Ku sauko da yaran daga kan kankaren nan zuwa filin makarantar, magana ta ƙare.

Adda Nas, Tumfure:

Baban Sadik, aikin jinya nake yi, kuma kafin maganar takalmi ƙafar yaron ce a gabana. Kar ya koma horo sai wurin ya rufe. A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe da bandeji, a riƙa canzawa kullum. Kar a sa toka, kar a sa man birki. In wurin ya kumbura, ya yi zafi, yana fitar da mugunya, ko kaluluwa ta fito masa a matsematsi, a kai shi asibiti ranar. A kuma duba katin rigakafinsa a tambayi ma'aikacin lafiya ko yana bukatar ƙarin allurar tetanus. Mutane sun ɗauka sai ƙusa mai tsatsa, alhali ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take zama, kowane rauni mai datti zai iya zama ƙofa. Abin da mamansa take yi wa fason daidai ne, sai dai ta shafa man bayan an wanke ƙafar tana da sauran danshi.

Baba Na Kumo, ka yi mini haƙuri, filin firamare ba fagen dambe ba ne. Makarantar da ba katanga, kowa ya san abin da ake yi a gefen filinta da dare. Akwai tsutsar ciki da ba ta baki take shiga ba. Ƙwanta na fita cikin bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai danshi da inuwa, ɗan tsutsar ya huda fatar ƙafa, ya bi jini zuwa huhu, daga nan ya sauka hanji ya maƙale yana shan jini. Sai yaro ya yi ta ɗashewa yana saurin gajiya, a yi ta ba shi maganin ƙarin jini ba a san ta tafin ƙafa abin ya shiga ba. Da damina ta fi samun wurin zama. Akwai kuma ta kashin kare da kyanwa. Ita ba ta kaiwa hanji, a ƙarƙashin fata take yawo, sai ka ga jan layi mai lanƙwashe-lanƙwashe yana ƙaiƙayi har yaro ya kasa barci. Kyanwa kuwa yashi take nema. Ga kunama da almuru. Mutanen Kaltungo da Billiri ba sai an ba su labarin kububuwa ba, ba banza aka yi asibitin sarar maciji a Kaltungo ba, kuma yawancin saran a ƙafa ne.

Kankaren shi ma ba fata kaɗai yake ci ba. Yara masu shekarun Sadik ƙashin diddigensu bai gama haɗewa ba, akwai wurin girma a bayan diddige, daidai inda agara ta kama. Yawan tsalle a kan abu mai tauri yana sa wurin ciwo. In ka ga yana ɗingishi bayan horo ko yana tafiya a kan yatsu, ka matse gefen diddigen biyu da hannu. In ya janye ƙafar, a dakatar da tsalle ya huta.

In kun sayi takalmin, a riƙa shanya shi a rana, a wanke safa, kuma ban da aro tsakanin yara. Gumi in ya zauna, tsakanin yatsu zai yi fari ya riƙa saɓulewa da ƙaiƙayi. Masu tabarmar soso ma in ba a goge ta, makero na bin ta daga wannan yaro zuwa wancan. Manya masu ciwon suga kuma, ku ba kwa cikin wannan muhawara, kar ku yi horo ba takalmi, don ƙafarku na iya samun rauni ba ku ji ba.

Auwal Takwando:

Baban Sadik, ni takwando nake yi, ɗalibi ne. Akwai takalmin da aka yi shi don wannan aikin. Ƙasansa siriri ne shafaffe, ba tudu a diddige, akwai ɗan zagaye a daidai tudun ƙafa don juyi, igiyar kuma a rufe take ko babu ita gaba ɗaya. Adidas da Mooto suna yi. Na horo ne kawai, ba a gasa da shi. Chika Chukwumerije da ya ciyo wa Nijeriya tagulla a Beijing a 2008 ba da takalmi ya hau tabarma ba, yanzu kuma safa ce mai na'ura ake sawa, ita ke nuna maki in shuri ya sami rigar kariya.

In ba ka sami na asalin ba, ka je gwanjo da yaron, kar ka je kai kaɗai. Ka lanƙwasa takalmin da hannu ɗaya, in ya ƙi ka ajiye shi. Ka ɗora shi a kan tebur ka ga ko diddige da gaba tsayinsu ɗaya. Yatsu su sami wurin buɗewa. Sannan ya sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya ya juya a kan siminti, in ya ji yana riƙe shi ba shi ba ne. Nawa da na saya yana da 'yan haƙora, na kai wa shumeka ya goge mini daidai wurin juyin, har yanzu da shi nake yi.

Masta, ka gafarce ni, ina da ɗan ja. Da yawanmu don kare kai muka shiga. In 'yan kalare suka tare mutum a lungu don waya, wa zai jira shi ya tuɓe takalmi? Ina ganin ya kamata wani lokacin a yi atisaye da abin da ake yawo da shi a gari, takalmi da doguwar riga, don shuri cikin kaftani da sau-ciki daban ne.

Baban Sadik, Jekadafari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Adda, an bi abin da kika ce. Mahaifiyarsa ta kai shi da katin, an yi masa allura, wurin ya fara bushewa. Na matse diddigen, ya ce ba ya jin komai, alhamdu lillahi.

Na sami malamin shi kaɗai bayan magariba, na nuna masa hoton ƙafar a waya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce shi ma daɓen na damun sa, dā a cikin wani aji suke yi, da aka fara islamiyyar yamma a ciki suka dawo waje. Ya kuma gaya mini abin da ya sa ya tsananta. Wani yaro ya taɓa zuwa da kambas, ya yi shuri, gefen sol ɗin ya tsaga wa abokinsa gira, har iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Mun tsaya a kan cewa yara za su iya sa takalmi mai siririn ƙasa a gudu da atisayen da mutum ke yi shi kaɗai. Karawa kuma ba takalmi, amma ba a kan wannan kankaren ba sai an gyara shi.

Na tambayi tabarmar soso. Mita ɗaya-ɗaya take zuwa, filin gasa kuma mita 8 ne kowane gefe, guda 64 ke nan. Kuɗin ya fi ƙarfinmu, kuma a waje rana za ta cinye ta. Abin da ke hannuna cokali ne da kwano, don haka hanya biyu nake dubawa.

Ko dai in fasa tudun facin, in wanke kankaren sosai, in zuba masa madarar siminti don sabon ya kama tsohon, in bi da kwaɓi mai ƙarfi na yashi mai laushi. Da katako zan goge shi, in ɗan bi da ƙarfe sau ɗaya kawai, don in ya yi sulɓi da yawa ƙurar hunturu ta hau kai, yaro zai zame. Sai a yi ta ba shi ruwa sati guda kafin kowa ya taka, in ba haka ba zai tsage ya koma gidan jiya. Ko kuma a gefen wani dogonyaro da ke harabar in jera bulo, mita 6 kowane gefe, in zuba yashi zurfin santimita 15. A lissafina tifa ɗaya ta isa. Hedimasta ya ce ba matsala muddin ba za mu nemi kuɗi wurinsa ba, iyaye kuma wasu sun yi alkawarin buhun siminti.

Wanne ya kamata in fara? Baba Na Kumo, wane yashi kuke zubawa? Wanda muke kwaɓa kankare da shi yana da kaifi, na filasta kuma ƙura gare shi. Maganar Adda ta inuwa da danshi ma ta tsaya mini a rai game da gindin bishiyar.

Na Kumo:

Maganar 'yata ma'aikaciyar jinya abin ji ce, shi ya sa na ce a share, yanzu kuma na ƙara da a rufe. Ka nemi yashin rafi wanda ruwa ya wanke, tsaka-tsaki, ka tankaɗe shi da ragar nan taku. Zurfin da ka faɗa ya yi wa yara yawa. In ƙafa tana nutsewa har idon sawu, turguɗewa za su yi. Ka daddaɓe ƙasan ya yi tauri, ka zuba kamar faɗin tafin hannu. Kar ka kai shi gindin bishiya, ka sa shi inda rana za ta buge shi da hantsi, inuwa ta zo masa da la'asar. In an tashi a ja tampol a rufe, a danne da bulo saboda kyanwa da awaki. Kullum kafin a fara, manyan yaran su jeru su bi shi da ido da tsintsiya.

Masta Bolari:

Malam, in ɗaya za ku iya yanzu, daɓen ka fara. A kata jan ƙafa ake yi, tana shafar daɓe daga tsayuwa zuwa tsayuwa. A yashi ba ta tafiya haka, sai yaro ya saba ɗaga ta, gyaran wannan kuma yana da wuya. Yashin Baba ya zo daga baya, don tsalle da koyon faɗuwa, saboda siminti ko ya yi kyau taurinsa na nan. Ka gaya wa malamin ya rage tsalle a kai. In zafi ya shigo, ya ɗora bayan hannunsa a daɓen kafin ya ce a tuɓe, in bai iya bari ba a mai da horon bayan asuba ranakun da ba makaranta.

Auwal, ga manya masu bel mai launi, wato waɗanda suka yi nisa a horo, na yarda da kai, mu ma mukan yi hakan lokaci-lokaci. Amma yaro ɗan shekara 11 in ya ga wuƙa, abin da nake koya masa ya ba da wayar ya gudu.

Baban Sadik, ranar da za ka zuba ka sanar da ni. Ina da manyan ɗalibai da za su zo su taya ka ɗiban ruwa da kwaɓi, kuma ina son in ga yadda kake gogewar, don barandar da nake amfani da ita ma ta fara fitar da tsakuwa ta gefen gabas.